Gaisuwa Mai Cin Batir

Na san abin da za ku ce, ku mutanen Kura: "Malam ya sha boko ya ƙware, wai na'ura ce za ta gaya mana gona ta ƙoshi da ruwa." Ku kwantar da hankalinku, babu mai ƙwace muku fartanya. Ai ku da ke shan ruwan Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974, kun riga masu kwamfuta sanin wannan aiki. In an buɗe ƙofar ruwa, wa ke jiran sanarwar rediyo? Na gaba ya ƙwala wa na kusa kira, shi ma ya miƙa, kafin ka ɗauraye ƙafa labari ya kai Bunkure.

Haka ƙananan na'urorin auna damshin ƙasa suke yi. Muryarsu gajera ce, ba eriyar kamfanin waya a tsakani, sai dai wannan ta miƙa wa waccan. Gardamar masana duka a kan wa za a miƙa wa ne.

Akwai tsarin OLSR na 2003, irin maƙwabcin nan mai yawan gaisuwa: duk daƙiƙa 2 sai ya ce "sannunku", da aike ko babu. Ya san gidan kowa, saƙo ba ya jira. Amma da batir ake gaisuwar, kuma wa zai dinga ratsa taɓo yana canji? Ba ni ba. Sa'ansa AODV bakinsa a rufe yake sai buƙata ta taso, sannan ya baza cigiya: "Wa ya san hanyar gidan wane?" Yana tattalin wuta, sai dai saƙon farko ya yi haƙuri. DSR kuwa sai ya jera sunan duk wanda za a bi ta kansa a bayan wasiƙa. Hanya na tsawo, wasiƙa na nauyi.

Wa ya ci, kuka ce? Yawancin gasar a cikin kwamfuta aka yi ta, inda babu taɓo, babu kunya (ta gona nake nufi, kada ku ja mini). A Kadawa na'ura ba ta yawo, amma shinkafa na girma, kuma ɗanyen ganye yana shanye sigina. Hanyar da ta buɗe lokacin dashe tana iya toshewa kafin shinkafa ta fid da kai.

Ni dai ina bayan AODV. Ko Zigbee, da ake sa wa irin waɗannan na'urori, a wurinsa ta ari dabara. Ku kuwa OLSR ne ɗan gidanku, tunda sai kun tambayi lafiyar jakin mutum kafin ku faɗi kuɗin kwandon tumatir.