Salansa: Mu 'Yan Kwangila da Kunne Muke Ciniki

Mu nan Kwangila ba sai mun ɗaga kai muke sanin motar da ke tafe ba. Duk wanda ya daɗe yana zama a gindin gadar nan, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru da Shika da Funtuwa, kunnensa ya gama karatu. Yana tsakar shan shayi zai ce maka, "Wannan Golf ce, kuma tukunyarta ta baya ta fashe." Kana waigawa sai ka ga ita ce kuwa, an danna mata buhunan masara har but ya ƙi rufuwa. Shi ya sa in hira ta biyo ta kan salansa a majalisarmu ba a rasa mai magana. Direba yana da abin faɗi, ɗan kamasho yana da nasa, mai Keke Napep da ɗan acaɓa ma ba a bar su a baya ba.

Halinmu ɗaya ne, kuma duk mun san shi. Ba ma tunawa da salansa sai ranar da ta fara tona mana asiri a titi. Muddin tana shiru, lafiyarta ƙalau a wurinmu. Ranar da ta buɗe murya, yara suka fara toshe kunne in mun shigo layi, ranar ce muke neman gareji. Daga nan kuma sai mu rabu gida-gida.

Gida na farko, kuma mafi yawan jama'a, su ne 'yan "a ɗan taɓa min". Mutum zai faka a gaban mai walda, ya ce, "Oga, ɗan huji ne kawai, liƙe min in kama hanya." Mai walda ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya ƙwanƙwasa tukunya da sifana, ya fito yana girgiza kai: "Maigida, ƙarfen nan ya mutu. Ina sa mata wuta za ta ƙara buɗewa." Amsarmu ba ta canzawa: "Kai dai yi min dabara, ta kai ni bayan Sallah." Sai ya kunna kabaid, ya yanko ƙyallen ƙarfe ya ɗora. Gaskiyar magana, walda ba laifi ba ce. In dutse ne ya bugi bututu, ko mota ta zauna a kan tudun rage gudu, kuma ƙarfen da ke kewaye da ramin yana da rai, faci mai kyau zai yi shekaru. Amma in tsatsa ce ta cinye ta daga ciki, yau ka liƙe nan, jibi can ya buɗe. Wanda ya lissafa abin da ya zuba wa walda a shekara, sau da yawa sai ya tarar ya biya kuɗin tukunya guda, ga kuma yinin aikin da ya yi ta rasawa.

Gida na biyu su ne masu sayen sabuwa mai arha. Tana rataye a ƙofar shago tana ƙyalli, farashinta ba ya tayar da hankali. Wata daga Sin aka kawo ta, wata haɗin gida ce. A nan ma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Duk wanda ya san Panteka a Kaduna ya san muna da masu hannu waɗanda za su naɗe maka tukunya da faranti mai kauri, su raba mata ɗakuna a ciki yadda ya kamata. Matsalar tana ga wadda aka yi don ido kawai: ƙarfe siriri, fenti mai yawa, ciki kusan fayau. Ai aikin tukunya a cikinta yake. Hayaƙi yana fitowa daga inji da bugu mai ƙarfi, sai ya bi ta bututu masu huji-huji da ɗakuna, bugun ya yi ta karo da juna har ya lafa kafin ya fita. In babu waɗannan, gwangwani ka saya. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa kallon fenti. Ɗaga ta suke yi su ji nauyinta, su girgiza su ji ko wani abu na kaɗawa a ciki.

Gida na uku su ne masu rantsuwa da ɗan Beljiyam. A wurinsu, tsohuwar da aka ciro daga motar Turai ta fi sabuwar shago nesa ba kusa ba. Kayan suna shigowa ta Legas da Kwatano, su bi ta kasuwar Ladipo, su iso Ƙofar Ruwa a Kano da shagunanmu na nan Zariya. Suna da hujja, domin abin da kamfani ya ƙera wa motarsa yana zama daram ba tare da an yanke ko an lanƙwasa ba, ƙarfensa kuma ya fi kauri. Sai dai akwai abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba. A ƙasashen sanyi, gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara don kada motoci su zame, kuma gishirin nan ƙarƙashin mota yake ci. Don haka salansar da ta sha hunturu goma a can tana iya isowa nan da sauran kwana kaɗan. Sunan Beljiyam kaɗai ba ya wadatarwa. A duba bakin haɗi, a duba inda ƙugiyoyi suka kama, a kankare da sukundireba a gani ko ƙarfe ne ko ɓawon tsatsa.

Gida na huɗu ba su da yawa: masu sayen sabuwa dal ta ƙarfen da ba ya tsatsa. In aka faɗi farashinta a majalisa sai ka ji salati. Wani dattijo cikinmu, wanda ya ja Fijo 504 tun zamanin da kamfanin Fijo da aka buɗe a Kaduna a 1975 yake cika titunan ƙasar nan da motoci, yakan ce shi bai taɓa nadamar sayen abu mai kyau ba, araha ba ta ado. Nan take wani matashi mai Sharon zai amsa, "Baba, ku kun yi zamani mai albarka. Mu yanzu iya kuɗinka iya shagalinka." Dukansu suna kan gaskiya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yadda salansa ke ruɓewa a garin da rana ke dukan ƙarfe wata da watanni. Dalilin yana cikin man da muke ƙonawa. Duk lokacin da fetur ya ƙone, ruwa na cikin abin da yake fitarwa. Shi ne ɗigon da kake gani a bakin bututu da sassafe. Motar da ke zuwa Kano ko Kaduna kullum tana yin zafin da zai busar da shi. Amma wadda aikinta daga Kwangila zuwa PZ, ko kai yara makaranta a Tudun Wada a dawo, ba ta kai ga wannan zafi ba ake kashe ta. Ruwan ya kwana a tukunya, ya haɗu da dattin hayaƙi, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Damina kuma ta zo da nata daga waje. Ke nan motar malamin makaranta da ke lallaɓa ta tana iya riga motar haya neman sabuwar tukunya.

Yanzu ga inda hirar ke yin zafi: indomi. Haka makanikai ke kiran abin nan mai ramuka ƙanana da ke cikin kumburin gaba, kusa da inji. Aikinsa tace hayaƙi, ya mayar da mafi yawan gubarsa iska mai sauƙin illa. Tun 1975 aka fara sa shi a motocin Amurka, Turai kuma ta wajabta shi a farkon shekarun 1990, don haka kusan duk tokumbon da ke yawo a Zariya da shi aka ƙera ta. An shafe cikinsa da ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda akasarinsu daga Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su. A 2021 farashin rodiyam ya ninka na zinariya fiye da sau goma, har ɓarayi a Amurka da Ingila suka riƙa shiga ƙarƙashin motocin mutane da dare suna yanke shi. Wannan darajar ce ta sa a nan ma yake da 'yan saye.

To mu me muke yi? Mota ta fara nauyi a hawa, sai wani ya ce, "Alhaji, indomi ne ya toshe, a fasa a zubar, mota ta sha iska." Wani ma da kansa yake sayar da nasa ranar da aljihu ya yi sanyi. Gaskiya ne yana toshewa, kuma in ya toshe mota ba ta ja. Amma ba haka kawai yake mutuwa ba. Fulogi marar kyau da ke barin ɗanyen mai ya wuce, ko injin da ke shan baƙin mai, su ne ke kashe shi. In ba a gyara tushen ba, ko sabo aka sa zai bi sahun na farko. In kuma aka fasa aka bar wurin fanko, wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, warin hayaƙi ya canza, duk wanda ke bayanka a cunkoson ƙarƙashin gada shi zai shaƙa. Mafi yawan makanikanmu mutanen kirki ne masu tsoron Allah, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: in za a buɗe wannan wuri, ka tsaya a kai, abin da aka ciro kuma a miƙo maka.

Akwai kuma lissafin mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Motocin yanzu suna da sensa a jikin bututu wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar da ke cikin hayaƙi. In akwai huji ko gasket ya ƙone a gaban sensar nan, iskar waje tana kutsawa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, sai ta ƙara. Direba yana ta zargin gidan mai, alhali kuɗinsa ta ƙarƙashin kujerarsa suke zurarewa. Dubu biyun da ya ƙi kashewa a gasket, ya biya ta a famfo ninkin ba ninkin.

Abin da ya fi damuna dai ba kuɗi ba ne, numfashi ne. A cikin hayaƙin mota akwai iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, irin wadda ke hallaka iyali in an kwana da janareta a cikin gida. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Salansar da ta fashe a tsakiya tana sakin ta daidai ƙarƙashin fasinjoji. Ga ƙasan motocinmu da ramuka, ga but a buɗe an ɗaure kaya da igiya, iska na juyo da hayaƙi ciki. Mace ta sauka daga mota da ciwon kai da jiri, a ce wahalar hanya ce. Yaro ya yi laushi a bayan uwarsa, a ce barci ne. Direban da ke gyangyaɗi tsakanin Zariya da Kwanar Dangora ba kullum ne gajiya ke damunsa ba. Wanda ya ɗauki rayukan mutane a motarsa, wannan amana ce a wuyansa.

Sai 'yan samarinmu masu cire cikin salansar babur da gangan don ta yi ƙara. Ranar rakiyar amarya sai ka ji kamar gari zai tsage. Mun san ƙuruciya, mun san farin cikin biki. Amma a layin nan akwai mai jego, akwai tsohon da hawan jini ya hana barci, akwai ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke haya yana karatun jarrabawa, ga motar da ta ɗauko marar lafiya za ta asibitin Shika. Su ma maƙwabta ne, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a katangar gida ba. Ƙarar kuma ba ta ƙara wa babur gudun a zo a gani. Kunnen mai shi ne ke fara biyan bashin.

Saboda haka ni a ganina gardamar arha da tsada ba a nan take ba. Salansa ba abu ɗaya ba ce, gaɓoɓi ce, kuma kowace gaɓa da hukuncinta. Tukunyar baya, in aljihu bai kai ba, haɗin gida mai kauri ya wadatar, babu abin kunya a ciki. Motar da ka san za ka rabu da ita baɗi ba ta buƙatar ƙarfen da zai yi shekara goma. Wadda kuwa ita ce gonarka, da ita kake ciyar da gida, ta cancanci mai kyau ko da za a tara kuɗin a hankali. Robobin da ke riƙe bututu su ne mafi arha a duk jikin salansa, kuma tsinkewarsu ce ke karya mai tsada, don haka a canza su da wuri. Amma daga inji zuwa ƙarƙashin kujerun fasinja, wato gasket da sensa da indomi da duk wani haɗi, nan ba wurin neman sauƙi ba ne.

Kafin ka biya, ka sa a ɗaga motar ka leƙa da idonka. A tayar da inji, yaron gareji ya ɗan toshe bakin bututu da tsumma na ɗan lokaci, duk inda ke yoyo zai yi huci. Ka tambayi mai shago ko zai karɓa in ba ta zauna ba. In mai walda ya ce maka ƙarfe ya mutu, ka yarda da shi, domin mutumin da ya ƙi karɓar kuɗinka na yau don ya faɗa maka gaskiya, shi ne makanikin da ya kamata ka riƙe.