Bayani Kan Ajiyar Jan Abin Sha da Sanin Nunarsa, Bisa Mazhabar Jos

Masana sun kasu gida biyu a kan wannan mas'ala. Mutanen Bordo ta ƙasar Faransa, waɗanda tun 1855 suka jera manyan gonakin inabinsu daraja-daraja, suna ganin jar giya ta ƙwarai ba ta isa sha ba sai ta shekara goma ko ashirin a rumbun ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, sanyinsa digiri 12 zuwa 14. A kwance ake ajiye kwalbar don kada toshiyar bakinta ta bushe iska ta shiga. Hujjarsu ita ce baurin da ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa a hankali yake laushi. Wannan mazhaba tana buƙatar haƙuri, da kuma magada masu amana.

Mazhabar Jos kuwa jan abin shanta zoɓo ne. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka in hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, sanyin asuba kan kamo na rumbun Bordo ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba. Illarsa guda: da hantsi ya dubi ludayi rumbun kan tashi daga aiki.

Ana tafasa zoɓon da citta, kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari, a ɗura a tsohuwar robar ruwa. Manyan malaman fannin sun fifita robar Swan, domin ruwan Kerang ne, 'yar gida ce. Daga nan lissafi ya fara, kuma da awa ake yinsa.

Faransawa kan buga shekarar girbi a jikin kwalba. A nan ruwaya ce ta baki. Mai neman ilimi zai tsaya a Taminus ko Farin Gada ya ce wa mai zoɓo, "Mama, na yaushe ne?" Za ta ce, "Na yau ne, ɗana." Ba a taɓa samun saɓani a wannan ruwayar ba, ko da an ɗauke wuta tun shekaranjiya, shi ya sa ake haɗawa da gwaji.

Tun ƙarni na 19 Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne ke cin sukari su fitar da iska da barasa. Firji yana sa su barci, ɗumi yana tashe su. Don haka sai a danna cikin robar da babban yatsa. In ta lotsa, zoɓon yana kan ganiyarsa. In ta yi tauri, a kara kunne a murɗa murfin kaɗan. Shiru alama ce ta lafiya. In aka ji "tsss", zancen ya bar hannun masu girki ya koma na malaman fiƙihu. In murfin ya riga mai shi isa silin, to an shiga hurumin matan da ke dafa burukutu a Kugiya ta Bukuru, waɗanda kan yi kwanaki suna jiƙa dawa, su tsirar da ita, su niƙa, su dafa, kafin su kai inda robar ta kai ita kaɗai a bayan ƙofa.

Saura batun laka. Bafaranshe kan tsiyaye giyarsa a hankali ya bar lakar a gindin kwalba. Bajoshe girgizawa yake yi, don ya biya kuɗin cittar. Malamai sun halatta girgizar ga roba mai lotsawa kawai, kuma sun karhanta yin kowane irin gwaji ranar Juma'a ga mai sanye da farar shadda.