Yadda Ake Cin Moriyar Kwana Ɗaya a Bakin Tekun Zanzibar

Kwana ɗayan masu otal ba irin kwana ɗayan da ka sani ba ne. A yawancin masaukan bakin teku na Zanzibar ba a miƙa wa baƙo makulli sai ƙarfe 2 na rana, kuma da ƙarfe 10 ko 11 na safiyar gobe yaron ɗaukar kaya zai tsaya a bakin ƙofa yana maka murmushin sallama. Awa 20 ke nan. Cire bakwai na barci, cire na salla da wanka, cire wanda za ka ɓata kana laluben inda ake kashe fitilar gefen gado. Abin da ya saura bai fi awa 10 ba. Kada wannan ya kashe maka jiki. A tsibirin nan ne, ran 27 ga Agusta 1896, jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fadar Sarki Khalid bin Barghash wuta, aka fara yaƙi aka gama awa ɗaya ba ta cika ba. Garin da aka sauya sarki kafin hantsi, ba za a rasa yadda za ka fanshe kuɗinka a cikinsa ba.

Takardu tukuna. Ko da daga Dar es Salaam ka taso a jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu, sai an duba fasfonka a tashar Zanzibar, domin tun haɗewarta da Tanganyika a 1964 tana riƙe da shugabanta da gwamnatinta. Riƙe katin allurar shawara a kusa. Tun Oktoba 2024 kuma kowane baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin ta dala 44, wadda ke aiki kusan wata uku. Kai da za ka yi kwana ɗaya, ka ɗauki sauran kwanakin a matsayin sadaka. Sannan Tanzaniya ta haramta leda tun 2019, don haka kilishin guzuri a naɗe shi a takarda, takalmi kuma a nema masa jakar yadi. Na san rabuwa da baƙar leda ba ƙaramin al'amari ba ne, amma ana rayuwa.

Yanzu ga babbar magana, wadda hoton talla ba zai taɓa gaya maka ba: tekun ba kullum yake gida ba. A gaɓar gabashin tsibirin, wato su Paje da Jambiani, ruwa yakan cika ya janye sau biyu a kwana, kuma idan ya janye ba da wasa yake yi ba. Sai ka ajiye jaka, ka sa gajeren wando, ka fito da ƙarfinka, ka tarar ruwan da ka biya dominsa ya yi nisan da sai ka kare ido da hannu kafin ka hango shi, kamar wanda ake bi bashi ya tsinkayo mai kuɗi. Tsakaninka da shi farin yashi ne jiƙaƙƙe, da 'yan kududdufai, da ƙaguwa masu kai da kawowa. Kada ka koma wajen mai karɓar baƙi ka ce a maido maka kuɗinka. Ba shi ya kwashe ba. Zai dubi wani allo da ke rataye a bayansa ya ce, "Yallaɓai, ƙarfe biyar da rabi zai dawo," kuma zai dawo ɗin, domin teku ya fi yawancinmu cika alkawari.

Wata ne ke jan ragamar abin, kuma nan ne mutumin da ya saba lissafin kwanan wata ya fi Bature sa'a. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da kamar minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwan ya fi cika, ya kuma fi nisa idan ya tafi. Mai mako guda ba ruwansa da wannan, in bai samu yau ba ya samu jibi. Kai kuwa yawanci cikowa ɗaya ce tak za ta iya faɗowa cikin hasken ranar da kake da shi. Duba jadawalin ruwa kafin ka duba farashin ɗaki. In kuwa lissafi ba ya cikin abin da ka fito yi, nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga cikin gari. Can gaɓar tana da zurfi, ruwan ba ya nisa, kuma rana a teku take faɗuwa. Sai dai duk wanda ya san wannan sirrin ya riga ka zuwa, ya kuma shimfiɗa tawul a kan kujerar da ka yi niyya.

Ni dai gabas na fi so, saboda janyewar ruwan ita ce ke nuna maka cewa wurin nan gonar mutane ce tun kafin ya zama wurin hutunka. Da ruwa ya ja baya sai mata su shiga da zannuwansu, su nufi layukan turaku da igiyoyi inda suke noman ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a nan tun ƙarshen shekarun 1980. Su tsinka, su shanya, a saya a fitar waje, a tace wani sinadari mai kauri da ake sa wa man goge baki da askirim. Kuɗin da suke samu a wunin sunkuyo bai kai na kofin lemon da aka kawo maka da 'yar laima a kai ba. Saboda haka in ka bi ta kusa da su, yi sallama, za su amsa, kada ka taka igiya, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matar mutane ba izini. A garinku ma ba ka yi.

In za ka bi sawun ruwan, sa takalmin roba. Akwai wata baƙar halitta mai ƙaya da ke lafewa a cikin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa, kuma awa ukun da za a ɗauka ana tsamo ta daga cikin awa gomanka za su fita. Haka nan kada inuwa ta ruɗe ka ka kwanta a gindin kwakwa ba ka ɗaga kai ba. Turawan da za ka gani a shanye cikin rana tsaka, ƙyale su. Kuɗi suka biya rana ta gasa su, abin da kai ake ba ka kyauta tun kana goye.

Ɗakin zai burge ka. Dogon gadon katako mai sassaƙa, gidan sauro a zagaye, tawul an murɗa shi ya koma siffar agwagwa, an watsa masa furanni. Ɗauki hotonsa, sannan ka warware shi ka goge jiki, don shi kaɗai ne babba. Kafin ka shimfiɗa darduma kuma, dakata. Jikinka zai juya gabas da kansa, alhali daga Zanzibar Makka tana arewa ne kusan sak. Wanda ya fuskanci gabas a Paje, tekun Indiya ya sa a gaba. Nemi 'yar kibiyar da ake liƙawa a silin ko cikin durowa, ko ka tambayi kowane ma'aikaci, tunda kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne. In ka bi kiran salla zuwa masallacin ƙauye da asuba, yawancinsu Shafi'awa ne: liman zai bayyana Bisimilla, ya yi alƙunutu bayan ruku'u, a ɗaga hannu ana amin. Kada ka yi masa gyara. Alwala da ruwan teku kuwa ta inganta, malamai ba su hana ba, amma kurkurar baki ta farko za ta sa ka koma famfo da kanka. Hajiya kuma ta kwantar da hankalinta, matan garin da suturarsu suke shiga ruwa, ba wanda zai kalle ta.

A bakin ruwa ba za ka yi kaɗaici ba. Kafin ka yi taku goma wani ya tare ka da yawon kwalekwale, wani da tabarau, wani Bamasaye dogo cikin jan mayafi da sarƙoƙin duwatsu a hannu. Farashin farko na Turawa ne. Taya yadda ka saba, cikin fara'a, za su gane jini ɗaya ne.

Abincin dare yana buƙatar tsari. Tun wajen biya ka tabbatar ko kwana da karin kumallo kaɗai ka saya, ko har da na dare, don kada ka ci da zuciya ɗaya a kawo maka takarda. In na ɗebi-da-kanka ne, zagaya teburin sau ɗaya hannu a baya kafin ka ɗauki faranti. Burodi da ganye an jera su a farko ne domin marasa haƙuri. Abin kirki yana ƙarshe: shinkafar pilau mai kanumfari da kirfa, gasasshen kifi, jatan lande, da wata halitta mai hannu takwas da suke kira pweza, a dafe cikin madarar kwakwa. Kada ka fake da cewa kana shakkar halaccinta. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku ya halatta, saboda haka in tsoro kake ji, fito fili ka ce tsoro. Ɗan ƙullin yajin da ka taho da shi, zaro shi ba kunya. Ƙaramin firjin da ke cikin ɗaki kuwa, buɗe ka sha kallo ka rufe, kowace kwalba a ƙirge take.

Da dare ƙarar igiyar ruwa za ta yi maka daɗi na minti goma, sannan ka fara tunanin ko famfo aka bari a buɗe. In a Kendwa ka sauka kuma wata ya cika, akan yi casu a kan yashi har gari ya kusa wayewa, ka ga ka samu ƙarin awa bakwai da ba ka yi tsammani ba. Kafin ka buga waya gida da asuba don a ji kukan teku, tuna agogon nan ya riga na Najeriya da Nijar da awa biyu. Ƙarfe 5 ɗinka, ƙarfe 3 ne wajen Inna.

Maganar agogo ba ta ƙare ba. Masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka ƙarfe 7 na safe shi ne awa ta ɗaya a wajensu. Direban da ka ce wa ya zo ƙarfe goma, in da lissafin gida ya ɗauka, da la'asar za ka gan shi, ƙarfe 4, cikin natsuwa, yana tambayar ko ka huta lafiya. Nuna masa lambar a fuskar waya, ya gani, ya gyaɗa kai, ka sake nuna masa.

Wajen sallama za ka ga harajin kwana na 'yan daloli a kan kowane mutum. Na gwamnati ne, ciniki ba ya taɓa shi. Sabulu da ƙananan kwalaben man wanka naka ne, kwashe. Tawul da silifas ɗin banɗaki a bar su, an san adadinsu. Ma'aikaciyar da ta murɗa agwagwar nan, a ajiye mata wani abu a kan matashi.

Saura tsaraba. In direban ya zo a kan kari, tsaya kasuwar Darajani a cikin gari ka sayi kanumfari, wanda mafi yawansa daga tsibirin Pemba ake kawowa, da kirfa da masoro. In kuwa da la'asar ya zo, wuce tasha kai tsaye. Ka sauka Kano ka biya ta Kasuwar Kurmi, ka sa a ƙulla maka a takarda mai kyau. Babu surukar da ta taɓa tambayar kanumfari fasfo.