Ɗari shida a Yamai

Mai wannan rubutu mutumin Kura ne, manomin shinkafa da ruwan Dam ɗin Tiga, kuma har makon jiya yana ganin babu mai cin sa a lissafi. Ya bi ta Jibiya, Maraɗi, Birnin Konni da Dosso, ya sauka Tashar Wadata a Yamai da asuba, aljihu cike da sefa, ciki babu komai.

Ga mai shayi, ga burodi dogo kamar sandar makiyayi. Ya tambayi kofi nawa, aka ce ashirin. Ashirin! Nan take ya ji kansa Ɗangote. Ya dubi mutum bakwai da ke kan benci, ya ɗaga murya: "A ba kowa, har da ƙwai. Baƙo ya biya!"

Abin da ba a faɗa masa a iyaka ba shi ne, a Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ashirin 100 ce, ɗari 500 ce.

Aka gama, mai shayi ya ce ɗari shida. Mutuminku ya zaro takardar 1,000, ya miƙa da yatsu biyu, ya buɗe tafin hannu yana jiran canjin 400. Mai shayi ya karɓa, shi ma ya buɗe nasa yana jiran cikon 2,000. Hannu biyu a sama, suna kallon juna. Butar shayi tana tafasa. Bakwai ɗin nan suka daina tauna.

Sai ya ce, da muryar dattako: "Bari, riƙe canjin."

Riƙe canjin! Har yanzu in ya kwanta sai kalmar ta dawo masa. Wani yaro ya shaƙe da burodi don dariya.

Wani tsoho, da ƙwan baƙon a gemunsa, ya matso: "Ɗana, laifinka ne. In ka zo Yamai, da Faransanci ake tambayar kuɗi, a nan ne ba a ninkawa."

"Baba, ban iya ba."

"To, ka koya kafin ka sha shayi."

Tsohon ya miƙa wa mai shayi kofinsa, ya ce a ƙara madara, tunda baƙo bai gama biya ba.