Nasiha ga Mai Niyyar Sayen Jif a Illela

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya ƙara maka buɗi, cewa mutum idan kasuwa ta yi masa albarka shekara biyu a jere, ko ta albasa ce ko ta shanun da ake korowa daga wajen Kwanni ranar Lahadi, akwai wata cuta da kan kama zuciyarsa wadda ba ta jin magani sai jif; tun da kuwa ba ni da ikon hana ka, abin da ya rage mini shi ne in shiryar da kai ga ladubban sha'anin, domin kada ka yi hasarar dukiya da mutunci a ciniki ɗaya.

Farkon sharaɗi niyya. Kada ka kuskura ka furta, ko a gaban uwargida, cewa don a gan ka za ka saya, gama wannan riya ce, malamai kuwa ba su yi saɓani a kan muninta ba. Ka ce larura ce, hanyar gona yashi, damina kuma tana yanke ƙauyuka. In daga bisani motar ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, sai dai daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a, daga can zuwa ɗaurin aure a Gwadabawa, to, ai larurar tana nan tafe, ba ta iso ba ne.

Sa'an nan zaɓi. Prado ta fi kwarjini, Highlander ta fi sauƙin ciyarwa, Land Cruiser kuwa ta wanda ya riga ya aurar da 'ya'yansa ce. Kowacce ka ɗauka, ka fara duban takardun kwastan kafin fenti, domin tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, saboda haka 'yar Kwatano da ta wayi gari a Illela ba takarda tana da labarin da dillali ba zai ba ka ba. Kuma ka sa makanike ya kwanta ƙarƙashinta ya duba ko indomi na nan, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace gubar hayaƙi, wadda ake cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Galibi za ka tarar an riga ka, dillali kuma zai rantse maka cewa cire ta ƙarin lafiya ne ga inji.

Game da mai, na san mahaifinka ya ba ka labarin zamanin da fetur ke ƙetarawa Nijar a jarkoki saboda araha. Wannan zamani ya yi wafati ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000 kafin ƙarshen 2024. Saboda haka ka ƙulla zumunci da ɗan bumburutun unguwarku tun kafin ka karɓi makulli, in da hali ma ka halarci sunan ɗansa.

Yanzu ga babbar mas'ala, wadda dominta na ɗauki alƙalami. Ba makawa, kafin a gama yi maka barka, wani ɗan ƙanenka da ya dawo daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai durƙusa ya gaishe ka, sa'an nan ya ce, "Baffa, ka san kowace lita da ka ƙona tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya fiye da kilo 2?" Zai lissafa maka cewa zuwa Sakkwato da dawowa wajen kilomita 170 ne, babbar jif ta sha lita 25, ta bar wa sama nauyin da ya fi buhun siminti, alhali Corolla da rabin haka za ta kai ka. Zai ambaci tafkin Kalmalo da ya ja baya ya bar masunta da kwale-kwale a tudu, da tsaunukan yashin Gidan Kaura a ƙasar Gada.

Kada ka fusata, fushi alamar ƙarancin hujja ne. Ka gyara zama ka ce da shi Nijeriya ɗungurungum ba ta kai kashi 1 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, ya je ya fara da Amurka da Sin. Wannan gaskiya ce tsantsa, amfaninta kuma shi ne ba ta wajabta maka kome ba. In ya nace, ka juya shi ga masu saran itace da masu gawayi, ka ce su ne suka gayyato hamada, amma ka tabbata ba a lokacin ake sauke kurar itace a ƙofar gidanka ba. In ya sake nacewa, ka yi alkawarin dasa dogon yaro goma, ka kira shi gudummawarka ga Babbar Katangar Itatuwa da ƙasashen Afirka suka ƙudura tun 2007. Dasawa ce ka yi alkawari, ban ruwa da tsare awaki ba su shiga ciki ba.

Hujja ɗaya ce tasa nake ji maka tsoro, ita ce in ya bar duniya ya koma kan israfi, ya tambaye ka hukuncin mutum ɗaya da ke jan tan biyu na ƙarfe don ya sayo goro. A nan babu ta'awili. Ka duba agogo ka ce lokacin salla ya gabato, ka umarce shi ya shiga gaba ku tafi tare, ka ɗaga gilasai, ka kunna na'urar sanyi har ƙarshe. In cikin watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, da wuya ya sake ta da maganar kafin ku isa, watakila ma a hanyar dawowa ya tambaye ka ko za ka koya masa tuƙi.