Injin Yankan Ciyawa a Gidan Siminti

Ranar da na shigo da shi gida a bayan keke napep, uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta zagaya shi sau biyu kamar mai taya rago, sannan ta ce, "Maigida, amalanken wa ka tsinto?"

Na ce ba amalanke ba ne, injin yankan ciyawa ne. Sai ta juya ta dubi tsakar gidanmu, wadda ni da bakina na sa aka malale ta da siminti shekara shida da suka wuce, tun daga soro har gindin rijiya, don kada ko tsinke ya tsiro. Ta sake dubana. Ba ta ce uffan ba ta koma wajen miyarta. Duk mai aure ya san irin wannan shirun, gara a zage ka.

A Panteka na gan shi, nan Kaduna, na je neman murfin tankin ruwa. Yana jingine tsakanin wata matacciyar firji da buhun tsofaffin famfuna, taya ɗaya ta karkace, tsatsa ta yi masa lalle har wuya. Mai kayan ya hango idona ya tsaya a kansa, ya taso da fara'a. "Yallaɓai, daga gidan wani Bature ya fito. Lafiyarsa ƙalau, ajiye shi kawai aka yi. Fulogi ne." A ƙasar nan inji ba ya mutuwa, fulogi ne kawai. Ko jirgin sama ka tarar a kife cikin kwari, za a sami mai ce maka fulogi ne. Muka yi ciniki, na fito da farashi biyu: wanda na biya, da wanda zan faɗa a gida.

Kada mai karatu ya yi mini dariya tukuna, ya fara leƙa bayan ɗakinsa. Magidancin da ya haura arba'in, da wuya ka rasa gawa guda a gidansa wadda ya hana a binne. Wani Peugeot 504 ce a kan duwatsu, kaji sun ƙyanƙyashe zuriya bakwai a kujerar baya. Wani janareta uku ne, yana jiran ranar da zai haɗa su su zama ɗaya. Wani rediyon mahaifinsa, wani keken ɗinkin da ba a san inda ƙafarsa ta shiga ba. In ka tambaya amsar ɗaya ce: za a gyara. Wa zai gyara, yaushe, ba a tambaya, don tambayar rashin kunya ce. Ni bambancina da su, na yi gangancin fara gyaran.

Kafin in taɓa sifana sai da na yi bincike, domin mu 'yan boko ba ma ɓata abu sai da hujja. Ashe wani Bature ne mai suna Edwin Budding, mutumin yankin Stroud a Ingila, ya ƙirƙiro injin a 1830. A masaƙa ya ga na'urar da ke aske gashin da ke tashi a jikin yadin ulu, ya ce abin da ya aske yadi ai zai aske fili. Ana ba da labarin cewa da dare yake fita gwada shi don kada maƙwabta su ce ya taɓu. Wannan ya kwantar mini da hankali, tunda sana'ar da zargin taɓuwa aka haife ta. Nasa da ƙarfin ƙirji ake turawa. Sai a 1902 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara sayar da mai shan fetur. Yau a garin Southport akwai gidan tarihi sukutum na injinan yankan ciyawa, kuma tun 1973 wasu mutane a yankin Sussex suke cire wa nasu wuƙa su yi tsere da su. Mutanen da suka mulke mu ke nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ita ciyawar. Bature zai share fili ya shuka ta da gangan, ya ba ta taki, ya ba ta ruwan famfo, ranar da ta ji daɗi ta miƙe sai ya tayar da inji ya aske ta ya zubar. Bai ci ba, bai ba dabba ba. A wurinmu kuwa ciyawar gona abokiyar gaba ce, fartanya ce alƙalinta. Ta bakin hanya kuɗi ce, a sa lauje a ɗaure dami, in Babbar Sallah ta matso har rububinta ake yi. Wadda ta kuskura ta tsiro a tsakar gida ita ce abin kunya, don ko gidan kango ne, ko a ce matar gidan ba ta san tsintsiya ba, ga maciji ga sauro. Turawa sun bar mana filayen ciyawa a unguwannin bariki, da filin folo, mu kuma da muka gaji gidajen, abin da muka fara yi shi ne sare bishiya, mu shimfiɗa intalok, mu fitar da shaguna biyar ta bakin titi. Na karanta wa uwargida duk wannan tarihin daga wayata. Ta ce, "To ai shi Baturen yana da ciyawar."

Ranar Asabar na shimfiɗa buhu a ƙofar gida na zauna. Kuskurena na farko ke nan, da na yi a waje. Ban gama kwance noti na biyu ba majalisa ta cika. Ga mai shagon unguwa, ga wani tsohon direban tirela, ga hedimasta mai ritaya da jaridarsa a hammata, ga 'yan acaba biyu da suka kashe babura suka bar fasinja, ga almajirai a bayan sahu. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin irin wannan inji yana aiki, amma babu wanda bai san ciwonsa ba. Ɗan acaba ya ce fulogi ne. Na ce na sa sabo. Ya ce to jabu ne. Mai shago ya ce in zuba baƙin mai a cikin fetur, haka yake yi wa janaretansa. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa ƙaramin janaretan nan nasa da gaurayen mai yake rayuwa, wannan kuwa baƙin mansa yana da mazauninsa daban kamar na mota. Ya ce inji ai inji ne. Tsohon direba, bayan ya daɗe yana shafa gemu, ya yanke hukunci: a kai shi gangaren masallaci a tura, zai tashi. Shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa ganin abin da turi bai tayar ba. Hedimasta bai ba da shawara ba, sai dai duk wanda ya yi magana ya gyara masa sunan abin da Turanci.

Alhali buƙatun injin ba su da yawa. Fetur yake so, da iska, da tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Ko jariri ya fi shi fitina. Matsalar ita ce fetur in ya daɗe a ajiye mai sauƙin cikinsa yakan tashi, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Na buɗe tanki, warin da ya fito ya kori almajirai. Wannan danƙon shi ke sauka cikin kafireta ya toshe wata 'yar ƙofa da ba ta fi kafar allura ba, wadda ta nan fetur ke wucewa. A kan wannan 'yar ƙofa aka yi mako biyu. An zura mata tsinken tsintsiya ya karye a ciki. An zura allura don a ciro tsinken. Ɗaya daga cikin 'yan acaban ya ce a ba shi, ya kafa baki zai hura, sai ya zuƙa, muka yi ta neman madara. Cikin wannan hidima allurar ɗinkin uwargida ta ɓace, da buroshin haƙorin ƙaramin ɗana, da wani kwanon silba wanda daga baya na ji cewa cikin kayan ɗakinta yake. Ga shi wankin kafireta da fetur ake yi, kuma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 har lita ta kai naira 1,000 a shekarar da ta biyo, wanke ƙarfe da fetur ya zama kamar wanke ƙafa da turare.

Sai rigimar sifana. Injin ɗan Amurka ne, notinsa da inci aka auna su, sifanunmu kuwa na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, don haka mai lamba 12 ba ta shiga, mai lamba 13 kuma tana ɗan rawa, in ka matsa ta sai ta cinye kusurwar notin ta mayar da shi kwabo. Uku na mayar kwabo. A nan na tuna cewa shi wannan Budding ana danganta masa sifanar nan mai buɗewa da tsukewa. Bawan Allah ya san abin da ya haifa.

Igiyar tayarwa ta tsinke a ja na huɗu. Na buɗe gidanta don in sa sabuwa, ban san akwai wani dogon sifirin a naɗe ciki kamar kububuwa ba. Ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnen hedimasta ya faɗa kwata. Dare biyu na yi ina naɗe shi. Da na zo duba wuƙa kuma sai na kwantar da injin ta ɓangaren da bai kamata ba, kafireta na ƙasa, baƙin mai ya gangara ya jiƙe matatar iska sharkaf. Gyaran gangar Auzinawa dai sosai.

Duk wannan lokaci akwai wani yaro da ke tsayawa can gefe, hannu a baya. Ɗan koyo ne a wajen mai gyaran janareta na bakin titi, bai wuce sha huɗu ba. Shi ne ranar farko da ya ga na kai hannu ga wuƙa ya ce a hankali, "Baba, a cire wayar fulogi tukuna, juya wuƙar na iya tayar da shi." Da waɗannan yatsun nake rubutu yanzu. Daga baya, da ya ga duk lokacin da na ja igiya sai ta fizge ni baya kamar za ta cire mini kafaɗa, ya ce a buɗe faifan da ke saman injin a duba ɗan makullin da ke riƙe shi. Tsohon direba ya juyo ya ce, "Kai yaro, manya na magana." Yaro ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, don in na bi ta yaro a gaban majalisa, da wane ido zan dubi hedimasta?

Mako shida muka ƙara a kan shawarar manya. Aka sake fulogi sau biyu. Aka tura shi gangaren masallaci, ni da direba da almajirai huɗu, ya isa ƙasa shiru kamar yadda ya bar sama. Ranar nan bayan sallar isha, da na tabbata unguwa ta watse, na aika a kira mini yaron ta ƙofar baya. Ka ga na koma sunnar Budding. Da tocilar waya ya ɗaga faifan, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai laushi da bai fi ƙwayar wake ba, ya rabe biyu. Da gangan ake yin sa da laushi, don in wuƙa ta daki dutse shi ya karye a madadin sandar injin. Amma da zarar ya karye sai faifan ya goce, tartsatsi ya riƙa zuwa ba a kan lokaci ba. Wataƙila wani lebura ne ya hau kan dutse a lambun Bature tun ina firamare, ya tura injin cikin sito ya ce fulogi ne. Washegari yaron ya goge wani ya kawo. Kuɗinsa bai kai na tsire tsinke biyu ba.

Ranar Asabar na fito da shi gaban jama'a, na yi bisimilla, na ja. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Man nan da na tuntsurar ya fara ƙonewa, farin hayaƙi ya rufe layin har wata maƙwabciya ta leƙo tana godiya, ta zaci feshin sauro gwamnati ta aiko. Ɗan acaba ya ce ai ya faɗa, fulogi na ukun ne na gaske. Direba ya ce turin nan ne ya warware masa jijiya, sai yanzu ya bi jikinsa. Mai shago ya rantse da na sa baƙin mai da tuni an wuce wurin. Ni kuma na karɓi barka da hannu biyu, ina cewa ai sai haƙuri, aikin inji sai mai nazari. Yaron yana can gefe, hannu a baya. A cikin gwangwanin madara akwai noti uku da washa ɗaya da ba mu san daga inda suka fito ba, na sa ƙafa na tura gwangwanin ƙarƙashin benci.

Sai aka ce to a yanka a gani. A watan Satumba na sayo shi, lokacin ko jikin katanga kore ne. Yanzu muna tsakiyar Disamba, hunturu ya busar da komai. 'Yar ciyawar da na sa wa ido a bayan gida, yara masu farautar gafiya sun cinna mata wuta, abin da wuta ta rage kuma awakin maƙwabcina sun bi sun share shi tas. Na tsaya ina kallon wata jar akuya tana tuƙa. Ba fulogi, ba igiya, ba ta san farashin lita ba, tana yanka tana zuba taki, kuma an ce tagwaye take haifa. Muka zagaya unguwa da inji yana ruri, yara na biye da mu, ba mu sami abin yanka ba sai wata tsohuwar leda da ya haɗiye ya mutu.

Jiya na dawo daga aiki na tarar da mai sayen gwangwan a soro da sikelinsa, uwargida ta riga ta gama ciniki, sa hannuna kawai ake jira. Na ce ba za a sayar ba, a bari damina ta faɗi. Ta ce, "To Maigida, damina a kan siminti za ta tsiro maka?" Na ce wannan ma na yi tunaninsa. Da safen nan birkila ya zo ya auna tsakar gida don ya gaya mini abin da fasa rabinta zai ci. Shi ne wanda ya malala simintin da hannunsa. Ya dubi injin, ya dube ni, ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya ce zai yi, amma sai an ba shi kuɗinsa duka kafin ya ɗaga guduma.