Uwar kaset ta dawo gida

Ana ba da labarin wani mutum a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi, wanda Allah ya hore wa iya tsara wasan kwaikwayo. Zamanin Seyni Kountché ne, lokacin da samariya ke tashe, kowane gari na da dandalinsa da 'yan wasansa. Mutumin nan ya ƙago wani dillali mai baki biyu, da gwauro mai yawan bashi, da tsohuwa mai fura wadda ba ta shakkar gaya wa kowa gaskiya. Idan suka fito wasa da farin wata, har daga ƙauyukan gefen Gulbin Kaba ake zuwa a kan jakuna. Da abin ya karɓu sai suka naɗe shi a kaset, kashi-kashi.

Sai ga yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari. Damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, rumbuna suka zama wayam. Wani ɗan kasuwa ya zo ya ce masa: "Malam, ba ni uwar kaset ɗin nan in ba ka buhu uku na hatsi." Ya fito da takarda da Faransanci, mai wasa ya dangwala yatsa, bai san abin da ke ciki ba. Abin da ke ciki kuwa shi ne ya sayar da wasan da sunansa da mutanen cikinsa gaba ɗaya. Iyalinsa suka sha fura suka rayu. Ɗan kasuwa ya yi ta buga kaset ana sayarwa a tashoshin mota daga Maraɗi har Damagaram, mai wasa kuwa ko dala ba ta sake shiga aljihunsa ba.

Shekaru suka shuɗe. Ɗan kasuwa ya rasu, ana rabon gado babban ɗansa ya tsinci takardar a cikin akwati. Yaron mai tsoron Allah ne. Ya hau babur ya je har ƙauyen, ya durƙusa ya ce: "Baba, ga kayanka. Ka yafe wa mahaifinmu." Tsoho ya karɓa hannunsa na rawa, ya sa masa albarka.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Dattawa suka cika ƙofar gidansa. "Da tsohuwar zuma ake magani, Malam! Sai ka dawo mana da Dillali." Daɗin yabo ya kwashe shi, ya ce: "In Allah ya yarda, wanda zan yi yanzu sai ya fi na da."

Da ya zauna aiki sai ya ga abin da ya rage masa. Wadda ke fitowa a tsohuwa mai fura ta riga mu gidan gaskiya. Gwauron ya tafi ci-rani Libiya bai dawo ba. Shi kansa muryarsa ta dushe. Ya tara samari da 'yan mata ya koya musu, ya mai da Dillali mutumin yau, mai salula biyu, yana dillancin gonakin jingina da kujerun motar Agadas. Ya sayar da tumakinsa biyu ya biya mai ɗaukar hoto daga Tasawa.

Ranar da wasan ya fito, kafin dare ya shiga kowace salula. Mutum ɗaya ya saya, sauran suka kwafa a rumfar mai cajin waya. Washegari kuma sai ƙorafi. Wani ya ce ba Dillalinmu ba ne wannan. Wani ya ce tsohon ya ruɗe. Wani ma cewa ya yi gara a ce takardar ta tsaya hannun ɗan kasuwa. A fadar samari ana shan shayi ana kwaikwayon dusasshiyar muryarsa. Tsoho ya daina fita kasuwa.

Akwai wata gyatuma, ƙanwar marigayiya mai fura. Ranar kasuwa ta tarar da wanda ya fi kowa ɗaga murya yana ta faɗa, sai ta ajiye ƙwaryarta.

"Alhaji, a ina ka fara ganin wasan nan?"

"A dandali, Inna, bayan gidan maigari."

"Kai da wa?"

Ya yi murmushi. "Da uwar 'ya'yana, lokacin ina nemanta. Mahaifina ma yana nan zaune a kan buzunsa yana dariya."

"To Alhaji, abin da kake nema ke nan. Shi kuwa ba ya cikin takardar da aka mayar wa Malam. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tsohon wasan nawa ka biya? Sabon fa?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Daga nan ta wuce gidan mai wasa ta ce: "Kai ma, Yaya, da naka. Wa ya aike ka ka ce zai fi na da? Da ka ce musu ga abin da tsufa ya bari, ku zo mu gani, da ba wanda ya ce ka yaudare shi."

Wanda ke tsammanin ƙauyen nan kaɗai ke da wannan hali, ya dubi masu ƙera wasannin kwamfuta, musamman irin waɗanda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi ya bi labari, kamar yadda samarin Damagaram ke shiga rigar manya a wasan kara. A Amurka, Brian Fargo da abokan aikinsa sun fitar da Wasteland a 1988, amma sunan ya tsaya hannun kamfani. Sai a 2003 ya mallake shi, kuma manyan kamfanoni suka ƙi zuba kuɗi a ci gabansa. A 2012 ya juya ga masoya wasan ya nemi dalar Amurka 900,000, mutum fiye da 61,000 suka tara masa sama da miliyan 2.9. Wasteland 2 ya fito a 2014. Waɗannan masoya sun sa hannu a aljihu kafin su buɗe baki, saboda haka maganarsu na da nauyi.

Amma dubi wasu biyu. Ron Gilbert, wanda ya ƙago Monkey Island a 1990, ya samu izinin komawa kan wasansa bayan kusan shekara 30. Da ya nuna sabon salon zane a 2022, wasu suka yi masa ca da cin mutunci har ya sanar cewa ya daina magana a kan wasan. A Japan kuma Yu Suzuki ya tara sama da dala miliyan 6 a 2015 don Shenmue III, ya fito da shi a 2019 a kan tsarin na da, sai masu sharhi da yawa suka ce zamani ya wuce shi. Wanda ya sauya an zage shi, wanda bai sauya ba an kushe shi. Wannan ya isa ya nuna cewa abin da jama'a ke bege ba ya hannun mai ƙira.

Game da sayar da haƙƙi kuwa, dokar Amurka ta 1976 ta bai wa mai fasaha damar karɓe haƙƙin da ya sayar bayan shekara 35, muddin ba aikin ƙodago ya yi wa kamfani ba. Masu dokar sun gane cewa mai fasaha yakan sayar da abinsa ne lokacin da yake cikin matsi, kafin kowa ya san darajarsa. A nan Nijar muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma mawaƙa da 'yan wasa nawa ne a Korgom ko Kanambakashe suka taɓa kai aikinsu aka rubuta da sunansu?

Ban kira sunan kowa a ƙauyen ba, amma kowa ya san gefen da yake zaune a ƙofar gidan tsohon nan. Kai matashi mai waƙa ko fim, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, ko da yunwa ta matsa. Ka sayar da izinin bugawa na 'yan shekaru, ka riƙe uwar aikinka. Kai da Allah ya mayar maka da abinka, faɗi iyakar abin da za ka iya, kada ka ci kuɗin mutane da tsohon suna. Mu kuma masu kallo da saurare, in muna son aikin mutum mu biya shi tun yana raye, mu auna sabon aikinsa da abin da ke cikinsa. Wanda bai taɓa sayen aikin mai fasaha ba, ba shi da bakin zaginsa ranar da ya fito da sabo.